Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu a Ɗegel a 1793. Ta auri Waziri Giɗaɗo, ta kuma zauna Wurno zamanin yayanta Sarkin Musulmi Bello.

A lokacin, mata da yawa su kansu sun ɗauka karatu na maza ne. Sai Nana ta riƙa naɗa dattijuwa jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, kayan da aka san maza da su. Jaji kan kawo mata 'yan mata daga ƙauyuka, su haddace waƙoƙinta, su koma su koyar. To, 'yar uwa, yarinyar da ta ga haka, wa zai ce mata ilimi ba nata ba ne?

Ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Allah ya jiƙan su.