Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Audu Baƙo

An haifi Alhaji Audu Baƙo a barikin 'yan sanda na Kaduna cikin 1924. Ya yi karatu a Kaduna da Midil ta Zariya, sa'an nan ya gaji mahaifinsa, ya shiga aikin ɗan sanda cikin 1942. Da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a watan Mayu na 1967, sai ya naɗa shi gwamnan Jihar Kano na farko.

Ya tarar da jiha mai cike da jama'a, domin ƙidayar 1963 ta ba Lardin Kano mutum kusan miliyan 6. A ƙasar Bici da sauran karkarar Kano gona na manne da gona, ba a barin saura ta huta, ga damina gajeruwa. Ya lura cewa bakuna suna ƙaruwa, amma ƙasa ba ta ƙaruwa. Saboda haka ya ƙudura a tare ruwan damina a yi noman rani. Cikin 1969 aka soma madatsar Bagauda, aka bi da ta Tiga, wadda aka gama cikin 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa. Bayan saukarsa aka gina ta Watari da ke kusa da mu.

To, 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, akwai wani amfani a nan da ba a cika ambata ba. Itace da ƙasa mai taki suna riƙe da sinadarin kabon. In jama'a suka yawaita, aka sare daji don sabuwar gona ko itacen girki, aka cinna wuta, sai kabon ɗin ya tashi sama ya zama iskar da ke ɗumama duniya. Cikin 1967 wannan iska kashi 322 ce cikin miliyan a sararin sama, yau ta haura 420. Hayaƙin masana'antu da motocin manyan ƙasashe ne ya fi yawa a ciki, amma fari ba ya tambayar mai laifi. Gonar da ta ba da amfani sau biyu a shekara tana rage bukatar sare daji.

Sai dai madatsar Tiga ta rage ruwan da ke malala fadamun Haɗeja da Nguru, manoma da masunta na can suka ji a jikinsu.

Ya sauka cikin 1975, ya koma noma, ya rasu cikin 1980. Kwalejin aikin gona ta Dambatta tana ɗauke da sunansa. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Bici kaɗai mutum fiye da 270,000. Aikin da ya rage namu ne: mu kai taki gona, mu bar gawo da ɗorawa tsaye, wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu. Allah ya jiƙansa, amin.