Ajayi Crowther, Bawan da Ya Zama Bishop na Kogin Kwara

Watakila wadansu masu karatu su yi mamakin ganin mun kawo labarin limamin Kirista a wannan shafi. Dalili shi ne mutumin nan ya sha ratsa ƙasar Nufe tun Turawa ba su ci ƙasar ba, sarakunan Musulmi kuwa sun san shi, sun ga girmansa.

An haifi Ajayi a Osogun, cikin ƙasar Yarabawa, wajen 1809. A 1821 mahara suka fāɗa wa garin, suka kama shi da uwarsa, aka raba su. Aka yi ta cinikinsa hannu zuwa hannu, har an taɓa musanya shi da doki, kafin ya fāɗa hannun Turawan Fotugal a Ikko. A watan Afrilu na 1822 jirgin da aka loda su ya tashi ke nan, sai jiragen yaƙin Ingila suka tare shi, aka kai bayin Saliyo aka 'yanta su. Can ya yi karatu, aka yi masa baftisma a 1825 da sunan Samuel Crowther. Tun daga wannan kuɓuta ya sa a ransa cewa Allah ne ya tsamo shi, kuma domin wani aiki ya tsamo shi.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau Kwara, aka sa shi a ciki tare da Schön, Bajamushen nan da ya yi wa Hausa ƙamus. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Masassara ta kwantar da yawancin Turawa 145 da ke ciki, kimanin 40 suka mutu. Crowther ya komo lafiya, ya kuma komo da ra'ayin cewa baƙar fata ne za su iya aikin nan. A 1854 ya sāke tafiya tare da Likita Baikie, suka hau Binuwai. Wannan karo kowa na shan kwinin kullum, ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Crowther ya gode wa Allah, bai kuwa raina maganin ba, kuma a ganinmu a nan hankalinsa ya nuna.

Tafiyar 1857 ita ce ta gwada shi ƙwarai. A watan Oktoba jirginsu, Dayspring, ya bugi dutse kusa da Jebba ya fashe. Mutane suka tsira da rayukansu, amma kaya da yawa suka salwanta, suka kafa bukkoki a bakin kogi, aka yi kusan shekara guda kafin wani jirgi ya zo ɗaukarsu. Wani da zama zai yi yana ƙirga kwanaki. Shi ya ɗauki abin a kan cewa Allah ne ya ajiye shi a wurin, saboda haka ya shiga zuwa Raba, yana zama da fatake da malamai, yana rubuta kalmomin Nufanci. Daga wannan zaman dole ne littafinsa na nahawu da kalmomin Nufanci ya samo tushe, aka buga shi a 1864. Malamin da aka tura ƙauye yana ƙorafin ba abin yi, ya kamata ya san wannan labari.

A shekarar nan ta 1864, ran 29 ga Yuni, aka naɗa shi Bishop a Kantabari, shi ne baƙar fata na farko da ya sami wannan muƙami a cocin Ingila. Muƙamin bai raba shi da haɗari ba. A 1867 wani basarake mai suna Aboko ya kama shi da ɗansa Dandeson kusa da Ida, ya tsare su kwanaki, ya nemi fansar fam 1,000. Mataimakin jakadan Ingila a Lakwaja, William Fell, ya zo ya ƙi biya, suka sheƙa zuwa kwalekwale ana ta harbinsu. Crowther da ɗansa suka tsira, Fell kuwa kibiya mai dafi ta same shi, ya mutu. Masu ba da labarin kariyar da Crowther ya samu sukan tsallake sunan Fell, mu kuwa ba mu ga daidai ne a tsallake shi ba.

Bai yi nasarar juya Nufawa ga addininsa ba, amma ba ya zagin addinin kowa, don haka Etsu Masaba na Bida yakan karɓe shi da mutunci. Daga baya Etsu Maliki ya rubuta masa wasiƙa, yana neman ya isar wa Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasarsa.

Abin da kogi da kibiya suka kāsa yi masa, 'yan'uwansa na aiki suka yi. A 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka ƙasƙantar da shi a wani taro a Anaca, suka dakatar da limaman da ya naɗa. Tsohon ya sauka daga shugabancin kwamitin. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891.