Fu Hao: Matar sarkin Sin da ta jagoranci mayaƙa 13,000

Littattafan tarihin ƙasar Sin na dauri ba su ambaci sunanta ba. Sima Qian, babban marubucin tarihi na zamanin daular Han, ya jera sarakunan daular Shang ɗaya bayan ɗaya, ya kuma yabi Sarki Wu Ding, amma bai ce uffan ba game da matar sarkin da ta jagoranci rundunoninsa. Abin da aka sani game da Fu Hao a yau daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, wato daga rubuce-rubucen da aka zana a jikin ƙasusuwa da kuma kayan da aka binne ta da su.

Ta rayu ne a zamanin Wu Ding, wanda ya yi mulki daga wajen shekarar 1250 zuwa 1192 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a birnin Yin, kusa da garin Anyang na lardin Henan a yanzu. Kalmar Fu laƙabi ce ta matan gidan sarauta, kuma rubuce-rubucen sun ambaci mata fiye da 60 masu wannan laƙabi a zamaninsa. Uku ne daga cikinsu suka samu matsayin manyan matan sarki, waɗanda aka ci gaba da yi wa hadaya bayan mutuwarsu, kuma Fu Hao na cikin ukun.

Sarakunan Shang ba sa aikata wani muhimmin abu sai sun yi duba. Akan ɗauki allon kafaɗar sa ko ƙwaryar cikin kunkuru, a ƙona shi da wuta har ya tsage, sarki ya dubi tsagar ya fassara, sannan a zana tambayar a jikin ƙashin, wani lokaci har da abin da ya faru daga baya. A 1899 ne wani babban jami'i kuma masani mai suna Wang Yirong ya gane cewa ƙasusuwan da ake sayarwa a shagunan magani da sunan ƙashin dodo suna ɗauke da tsohon rubutu. A 1928 aka fara haƙa a Anyang bisa tsarin ilimi. Sunan Fu Hao ya fito a cikin waɗannan rubuce-rubuce fiye da sau 100.

Daga nan aka gane cewa ba matar kulle ba ce. Tana da ƙasarta da take kula da ita a wajen babban birni, tana aika wa fada gaisuwa, har akwai inda aka rubuta cewa ta kawo ƙwaryar kunkuru 50. Takan jagoranci hadaya ga kakannin gidan sarauta, aikin da a wancan zamani yake daidai da riƙe mulki kansa. Sai kuma yaƙi. An tura ta a kan mutanen Tufang da ke arewa, da Yi, da Ba, da Qiang na yamma. Wani rubutu ya ambaci mayaƙanta 3,000 da aka haɗa da wasu 10,000, kuma wannan ita ce runduna mafi yawa da aka gani a rubuce-rubucen Shang. A yaƙin Ba, an tsara cewa ita za ta yi kwanton ɓauna a wani wuri, sarki kuma ya koro abokan gaba zuwa inda take.

Su dai waɗannan ƙasusuwa sun adana har damuwar miji game da matarsa. Wu Ding ya yi duba a kan ciwon haƙorinta da sauran rashin lafiyarta. Da ta yi ciki, ya duba ranar da haihuwar za ta zo da alheri, ya ambaci ranakun da yake fata. Bayan kwana 31 ta haihu a wata rana dabam, magatakarda ya zana cewa abin bai yi kyau ba, domin mace aka samu. Abin mamaki ne a ce fadar da ta damƙa wa mace dubban mayaƙa ita ce kuma take baƙin cikin haihuwar 'ya mace, amma haka aka same shi a rubuce.

Ta rasu a wajen 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tun mijinta yana raye. Aka ba ta sunan girmamawa na Mu Xin, wanda da shi zuriyar gidan suka riƙa yi mata hadaya.

Kabarinta ya tsira ne saboda inda yake. Manyan kaburburan sarakunan Shang suna Xibeigang, a hayin kogin Huan, kuma duk ɓarayi sun yashe su tun ƙarnuka da suka wuce. Ita kuwa an binne ta kusa da fada, a ƙauyen Xiaotun na yanzu, aka yi gini a kan ramin. A 1976 manoman ƙauyen suka shirya baje wani tudu domin faɗaɗa gona. Zheng Zhenxiang, wata masaniyar kayan tarihi da ke jagorantar aikin haƙa a wurin, ta nace sai an bincika tukuna. Aka yi ta zura dogon ƙarfen gwajin ƙasa har ya kai zurfin kimanin mita 8, ya fito da ɓurɓushin jan fenti irin na akwatin gawa.

Ramin ba shi da girma, tsawonsa mita 5.6 ne, faɗinsa mita 4. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riga ya cinye akwatin da gawar. Amma kayan suna nan, guda 1,928, ban da wuri kusan 7,000. Kayan tagulla 468 ne, nauyinsu ya haura tan ɗaya da rabi, kuma fiye da 100 daga ciki suna ɗauke da sunanta. Wannan ne ya raba gardama. A karon farko aka samu kabarin gidan sarautar Shang da ba a taɓa ba, aka kuma san mai shi daga rubuce-rubucen duba, abin da ya bai wa masana ma'aunin da suke gwada shekarun sauran kayan tagulla na wancan zamani da shi.

Akwai manyan barandami biyu na tagulla. Ɗaya nauyinsa kilo 9 ne, an yi masa zanen damisa biyu sun buɗe baki a kan kan mutum. Barandami mai irin wannan nauyi ya fi ƙarfin a yi ta sara da shi a fagen fama, alamar ikon shugaban runduna ce. Kusa da makaman kuma ga tsinken gashi na ƙashi kusan 500, da madubai huɗu na tagulla, da kofunan hauren giwa, da tulunan giya biyu masu siffar mujiya, waɗanda yanzu ɗaya yake gidan tarihi na ƙasa a Beijing, ɗayan kuma a gidan tarihin Henan.

Ga mai sha'awar kasuwanci, kayan sun nuna nisan da hanyoyin fatauci suka kai shekara 3,200 da suka wuce. Anyang tana can cikin tudu, nesa da teku, amma ga wuri jibge, irin wanda kasuwannin ƙasar Hausa suka yi ciniki da shi har farkon ƙarni na 20. Madubai da wasu wuƙaƙen sun yi kama da na makiyayan arewa. Daga cikin kayan dutsen jed 755 kuwa, akwai waɗanda aka sassaƙa ɗaruruwan shekaru kafin a haife ta, aikin al'ummomin da suka gabaci Shang a arewa maso gabas da kuma yankin kogin Yangtze. Ke nan ita ma tana tara kayan mutanen da.

Sai dai ba kaya kaɗai aka zuba a ramin ba. An samu ƙasusuwan mutum 16 da karnuka 6 da aka kashe domin su raka ta, har da yara a cikin mutanen. Daular Shang ta yi kaurin suna wajen hadaya da mutane, kuma mafi yawan waɗanda ake yankawa a bukukuwan kakanni fursunonin Qiang ne, mutanen da ita kanta ta yaƙa. Rubuce-rubucen da suka ɗaukaka ta su ne kuma suke ƙidaya waɗannan fursunoni kamar yadda suke ƙidaya shanu da tumaki.

An gyara kabarin an buɗe shi ga masu ziyara, da kwaikwayon kayan a jere yadda aka same su. A 2006 hukumar UNESCO ta sanya kangon birnin Yin, wanda Sinawa ke kira Yinxu, cikin jerin wuraren tarihi na duniya.