George Da Costa, Mai Ɗaukar Hoto na Legas

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Agege, to ka ga hanyar da Hausawa fataken goro da yawa suka biyo har suka zauna a wannan gari. Wani mutumin Legas ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa layin dogo a Nijeriya. Sunansa George Da Costa.

An haife shi a Legas a shekarar 1853, cikin zuriyar bayin da suka sami 'yanci suka komo gida daga Brazil. Ya yi karatu a makarantar mishan ta CMS. Daga 1877 ya zama manajan kantin littattafan mishan ɗin, ya riƙe shi shekara 18.

A 1895, yana da shekara 42, sai ya ajiye wannan aiki mai albashi. Ya kashe fam 30 wajen koyon ɗaukar hoto, ya buɗe shagonsa. Ba ƙaramar kasada ba ce ga mutum mai irin shekarunsa.

Kada ka zaci sana'ar tana da sauƙi kamar yau. Kyamarar Polaroid, wadda take fitar da hoto nan take, ba ta shiga kasuwa ba sai 1948. A zamanin Da Costa kyamara akwati ce mai nauyi a kan ƙafa uku. Mai hoto yakan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ɗauki hoton a kan farantin gilashi, sa'an nan ya wanke shi da magunguna a ɗaki mai duhu. Idan gilashin ya fashe a hanya, aikin yini ya tafi.

Duk da haka ya yi suna, har gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi aikin hoton layin dogo. Da Allister Macmillan ya tashi haɗa littafinsa, The Red Book of West Africa, wanda ya fito a 1920, Da Costa ya nema. A cikin littafin akwai 'yan kasuwa da ma'aikata baƙar fata, sun yi shiga ta mutunci, suna duban kyamara ido da ido. A ganina darajar aikinsa ke nan, domin hotunan da Turawa suke kaiwa gida a lokacin sun fi nuna Afirka a matsayin daji.

Ya rasu a 1929, yana da shekara 76.