Ted Fujita

Tetsuya Theodore Fujita (23 ga Oktoba, 1920 – 19 ga Nuwamba, 1998) masanin yanayi ne ɗan asalin ƙasar Japan, wanda ya yi suna a Amurka wajen binciken mahaukaciyar guguwa mai juyawa da ake kira tonado.

Rayuwa da aiki

An haife shi a lardin Fukuoka. A shekarar 1945 ya nazarci ɓarnar da bam ɗin nukiliya ya yi a Nagasaki, sannan a 1953 ya koma Jami'ar Chicago.

Bayan guguwar da ta afka wa garin Fargo a 1957, ya tattara hotunan da mazauna garin suka ɗauka, ya bi diddigin yadda ta taso har ta lafa. A 1971 ya fitar da ma'aunin Fujita, daga F0 zuwa F5, wanda ke kimanta ƙarfin guguwa daga irin ɓarnar da ta bari. Bincikensa kan haɗarin wani jirgin sama a New York a 1975 ya gano wata iska mai rikitowa ƙasa kwatsam daga hadari, abin da ya sauya yadda ake horar da matuƙa jirage.

Bai taɓa ganin tonado da idonsa ba sai a 1982, kusa da Denver. Ya rasu a Chicago.