Charlie Chaplin: Mutumin da Ya Yi Magana Ba Tare da Harshe Ba

Dattawan da suka kalli majigi a filayen Kaduna, zamanin da take hedikwatar Jihar Arewa, sun san cewa ba darasin noma da tsafta kaɗai ke tara jama'a ba. Motocin majigi na Turawan mulki kan haɗa da gajerun finafinan barkwanci, kuma a wannan fage babu kamar Charlie Chaplin.

An haife shi a Landan ranar 16 ga Afrilu, 1889. Mahaifinsa mashayi ne, mahaifiyarsa Hannah kuwa ta yi fama da taɓin hankali, har aka kai shi gidan gajiyayyu na Lambeth yana ɗan shekara 7. Ƙungiyar wasan Fred Karno ce ta kai shi Amurka a 1910, ya shiga fim a kamfanin Keystone a 1914.

A 1915 ya fitar da The Tramp, fim ɗin da bai wuce rabin awa ba. Wani gagarabadau mai ƙaramar hula da faffaɗan takalmi ya ceci 'yar manomi, wadda Edna Purviance ta fito a matsayinta, daga hannun ɓarayi. Ya kamu da sonta, sai ga saurayinta ya iso. Ya juya, ya kama hanya shi kaɗai, ya kaɗa kafaɗa ya ci gaba. Ba a furta kalma ɗaya ba, amma Bahaushe da Bature sun fahimci wannan rashi daidai wa daida.

Da sauti ya shigo fim a 1927, Chaplin ya ja da baya, domin ya san duk harshen da gwarzonsa ya kama, zai rasa sauran duniya. Haka ya yi City Lights a 1931 babu zance. Sai a 1940 ya buɗe baki sosai, inda ya yi wa Hitila ba'a a The Great Dictator. A 1952 Amurka ta soke izinin komawarsa bisa zargin ra'ayin gurguzu, ya zauna a Suwizalan har ya rasu ranar 25 ga Disamba, 1977.

Abin lura ga masu shirya finafinanmu shi ne, Chaplin bai mayar da talaka abin wulaƙanci ba. Dariyarsa kan mai ƙarfi take sauka. Mu kuwa sau da yawa mukan cika fim da surutu, mu yi wa baƙauye da mai lalura dariya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.