Sama'ila Rutherford, Makiyayin Anwoth

A wani ƙauye mai suna Anwoth, a kudu maso yammacin ƙasar Sikotilan, akwai kangon wata tsohuwar majami'a. Ginin dutse ne, dogo, matsattse, ba ado. Jinka ta faɗi tun tuni, gama an tashi daga ciki wajen shekara ta 1826, aka koma sabon gini. Masu gininta suna bin tsarin Firesbiteriyan, wato dattawa ne suke riƙon ekklesiya, ba bishop ba. Abin da suke nema a ɗakin sujada shi ne kowa ya ji Maganar Allah sosai.

A nan ne Sama'ila Rutherford ya kama aikin fasto a 1627. Jama'arsa manoma ne da makiyayan tumaki, gidajensu a warwatse cikin tuddai. Yakan tashi da ƙarfe uku na dare domin addu'a da karatu, da rana kuwa ya bi gida gida yana gai da marasa lafiya, yana koya wa yara. A 1630 matarsa ta rasu bayan doguwar jinya. 'Ya'yansu ma ya binne su.

A 1636 ya buga littafi a kan alherin Allah, wanda ya ɓata wa bishop-bishop rai. Aka kai shi shari'a a Edinbara, aka hana shi wa'azi, aka kore shi zuwa Abadin, can arewa. Mu da muka san nauyin garke mun san zafin wannan hukunci. Ranar Lahadi ta zo, bakinsa a rufe, tumakinsa suna nesa. Har ya riƙa jin kishin gwara da tsattsewa masu sheƙa a majami'ar Anwoth, da yake su suna can, shi kuwa ba dama. Sai ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta wasiƙu fiye da 200 zuwa ga mutanensa da abokansa, manya da talakawa, yana ta'azantar da masu makoki. Har yau ana bugawa, ana karantawa.

Ya komo Anwoth a 1638, amma bai daɗe ba. A 1639 ekklesiya ta aike shi koyarwa a San Andurus, ya tafi ba da son ransa ba. A 1644 ya rubuta littafi mai nuna cewa sarki ma yana ƙarƙashin doka. Da Sarki Carles na Biyu ya komo kan gadon sarauta a 1660, aka ƙone littafin a fili, aka aika masa da sammaci a kan cin amanar ƙasa. Sammacin ya iske shi kwance. Ya rasu cikin watan Maris 1661, kafin a kai ga shari'ar.